Kar ku kai mara lafiya ɗakin tiyata jininsa ya riga ya ƙare

Ƙannena, musamman ku da kuke kula da iyaye, in babba ya ce yana ganin jini a bayan gida don Allah kar ku yi saurin cewa basir ne. Haka muka yi da Baffanmu, muka dinga sayo masa jiƙe-jiƙen masu yawo da lasifika, ashe kansar dubura ce, tana ta tsiyayar da jini kaɗan-kaɗan har tafin hannunsa ya yi fari fat, in ya taka daga ɗaki zuwa masallaci sai ya tsaya yana haki. Da aka auna jininsa ya faɗi ƙasa sosai, ga namiji dama ƙasa da 13 a ma'aunin ƙarfin jini da ake kira himogulobin an shiga ƙarancin jini, mace kuma ƙasa da 12, dole aka ɗaga aikin tiyatar da za a yi masa.

Shi wannan aikin ba irin na ƙaba ba ne. Dubura tana can cikin ƙugu wuri matsattse, kuma a bayanta akwai wasu siraran jijiyoyin jini kwance a jikin ƙashin tsatso, in ɗaya ta yage tsayar da ita akwai wahala don wata har cikin ƙashin take shigewa. Likitoci suna da dabarunsu, suna bin layin tantanin da ya lulluɓe duburar a hankali, akwai allurar taranezamik asid mai hana gudan jini narkewa, kuma inda ake aikin huda da kyamara jinin da ke zuba ya fi ragewa. Wannan nasu ne. Amma wanda ya shiga da jini rabi, ɗan abin da ya zuba ma ya isa ya kayar da shi.

Namu shi ne tun ranar da aka ce za a yi aiki ku tambayi maganin ƙarin jini, na sha yana ɗaukar makonni kafin ya nuna, akwai na jijiya da ya fi sauri in lokaci ya ƙure. Sannan ku kwaso duk abin da yake sha a leda ku zube gaban likita don wasu magungunan suna ƙara zubar jini, asfirin ne, wafarin ne, dikulofenak na ciwon gwiwa ne, har na gargajiyan da ake jin kunyar faɗa. Mu dikulofenak ɗin ba mu ma ɗauke shi magani ba wallahi, sai da nas ta gani a aljihun rigarsa. Kuma kar ku tsayar masa da kowanne da kanku, likita ne zai faɗi ranar dainawa.

Masu ba da jini kuwa ku nemo su da wuri, ko asibitin Barau Dikko na Kaduna za ku ko asibitin Shika na Zariya. Leda ɗaya wajen mil 450 ce, lafiyayyen matashi mai kilo 50 zuwa sama zai bayar ya koma harkarsa. Ku yi magana a masallaci da majalisa tun da saura mako biyu, a je a duba rukunin jinin kowa, don wasu gwaji zai cire su.