Kada a taɓa lambar shaidar rikodi

Tsuntsun da aka gani a dajin Amurum kusa da Jos, in bayaninsa ya shiga rumbun GBIF, wato rumbun intanet na duniya da ke tattara bayanan halittu, yana ɗauke da lambar shaida guda, occurrenceID. Da ita ake gane tsohon rikodi idan an sake wallafa bayanan. Ka sauya ta, sai rumbun ya ɗauka sabon gani ne, mahaɗin da masu bincike suka ambata kuma ya mutu.

Yawanci ɓarnar daga cusa sunan jinsi ko lambar layin Excel cikin lambar take farawa, alhali sunayen kimiyya sukan canja. UUID, wato doguwar lamba ta musamman da kwamfuta ke ƙirƙira, ta fi aminci. In sauyi ya zama dole, haɗa tebur mai jeri biyu, tsohuwa da sabuwa, ka aika wa GBIF kafin sake wallafawa. Lambar da aka janye kuwa, kada a sake ba wani rikodi.