Yadda nake zaɓen 'yan wasa a fantasin hokin ƙanƙara na NHL

Wanda ya saba da fantasin Firimiya zai ga bambanci a na NHL, babbar gasar hokin ƙanƙara ta Amurka da Kanada, tun ranar farko: a nan ɗan wasa na mutum ɗaya ne, in wani ya riga ka ɗaukarsa, shi ke nan. A gasar da nake bugawa a Yahoo mu 12 ne, zagayen zaɓe 16, ana kwashe 'yan wasa 192 ke nan. Kowa zai cike gurbin 'yan tsakiya 2, 'yan gefen hagu 2, na dama 2, 'yan baya 4, masu tsaron raga 2, sai benci 4. Layin zaɓe kuma juyawa yake yi duk zagaye. Wanda ya fara ɗauka ba zai sake ba sai a lamba ta 24 da ta 25, na ƙarshe kuwa yana ɗaukar ta 12 da ta 13 a jere.

Kafin in duba sunan kowa, ƙa'idar maki nake karantawa. In gasar tana ƙirga yawan bugu zuwa raga da bangazar abokin hamayya, irin su Brady Tkachuk sun fi darajar da jerin gwanayen gasar ya ba su, domin mutum ɗaya yana cike maka fanni uku ko huɗu. In cin ƙwallo da taimakawa a ci kawai ake ƙirgawa, darajarsa ta ragu.

Zagayen farko ba ya buƙatar dabara. McDavid, wanda ya tara maki 153 (ƙwallayen da ya ci haɗe da waɗanda ya taimaka aka ci) a kakar 2022-23, ko MacKinnon, ko Kucherov, wanda ya rage a cikinsu shi ne naka. Aikin yana farawa daga zagaye na 2 zuwa na 6, kuma abin da na koya shi ne in bi inda ake da ƙarancin kaya. 'Yan tsakiya masu kyau suna da yawa, har zagaye na 10 ana samu. 'Yan baya masu kawo maki kuwa kaɗan ne, ga shi mu 12 muna neman 48.

Dalilin ƙarancin yana da sauƙin ganewa. Idan aka fitar da ɗan wasan abokan hamayya na minti biyu saboda laifi, lokacin da aka fi samun damar ci ke nan, yawancin ƙungiyoyi 'yan gaba huɗu da ɗan baya guda suke turawa a rukunin farko. Ƙungiyoyin NHL 32 ne, don haka kujerun nan ba su wuce 32 ba, masu tsoka a cikinsu ba su kai rabi ba. Shi ya sa Cale Makar, da ƙwallo 30 da maki 92 a 2024-25, ba ya wuce zagayen farko. Ni dai ina so in riƙe biyu daga masu wannan kujera kafin zagaye na 7.

Masu tsaron raga ba na gaggawa a kansu. Hellebuyck ya yi nasara 47 a 2024-25, amma irinsa ba su da yawa, sauran kuma bana su yi kyau, baɗi su lalace. Abin da nake nema shi ne wanda ƙungiyarsa mai ƙarfi ce kuma ba ya raba raga da wani, saboda gasarmu ta wajabta fitowar gola sau uku a mako, wanda ya gaza ya rasa makin fannin.

Tarkon da ya fi kama mutane shi ne ƙwallayen bara. Andrei Kuzmenko ya ci 39 a 2022-23, amma sama da kashi 27 cikin ɗari na bugunsa ne suka shiga, alhali abin da aka saba gani bai nisa da kashi 10. Kakar da ta biyo, 22 ya ci. Yawan bugu da mintunan da koci ke ba mutum sun fi faɗin gaskiya.

Zagaye uku na ƙarshe jadawali nake dubawa. Wasanni sun fi cunkushewa Talata, Alhamis da Asabar, ranakun da benci ke cika da mutanen da babu gurbin sa su. Ɗan wasa matsakaici da ƙungiyarsa ke yawan bugawa Litinin, Laraba, Juma'a ko Lahadi ya fi amfani. Gurbi ɗaya kuma nakan bar shi na sauyi, in saki wannan in ɗauko wancan duk mako. Wasan ƙarfe 7 na yamma a New York sha biyun dare ne ko ƙarfe ɗaya a Najeriya, don haka kafin in kwanta nake duba golan da aka tabbatar zai tsaya, in jera mutanena.