Wasiƙa daga Dallas kan karatun gida da koyar da yara kimiyya

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida, ya hidima ya yara, ya kuma haƙuri da tsadar rayuwa, Allah ya kawo mana sauƙi. 'Yar uwarku ce ke rubutowa daga Dallas ta jihar Texas a Amurka. Tun da aka ji cewa yarana basa zuwa makaranta a gida nake koyar da su, wato homskul, saƙonni ke shigo min daga Kano da Kaduna da Abuja har Maraɗi, kowa da dalilinsa, wata kuɗin makaranta ya ishe ta wata kuma tarbiyya take tsoro, amma kusan duk tambayar ɗaya ce, wai wane littafin kimiyya ne ba zai ɓata wa yaro imani ba. To shi ne nace bari in amsa gaba ɗaya.

Anan Texas dokar karatun gida sakwa-sakwa take. Tun hukuncin kotun ƙolin jihar na 1994 ake ɗaukar gidanka kamar makarantar kuɗi, ba wanda zai zo ya duba ka, abin da doka ta lissafa kawai shi ne karatu, haɗa baƙi, nahawu, lissafi da zama ɗan ƙasa nagari. Ku lura kimiyya ma bata cikin lissafin. A New York kuwa sai ka riƙa kai rahoto sau huɗu a shekara, Jamus ta hana abin gaba ɗaya, Faransa tun 2022 sai ka nemi izini. Lokacin korona mutane suka yi tururuwa, hukumar ƙidaya ta Amurka tace gidajen da ke karatun gida sun tashi daga kashi 5.4 zuwa 11.1 cikin ɗari a 2020 kaɗai, na baƙaƙen fata kuma daga 3.3 zuwa 16.1.

Duk wanda ya shigo harkar zai tarar Kiristoci 'yan bishara sun riga kowa kafa kasuwar littattafai, irin su Abeka da ke Florida da BJU Press da Apologia, kuma maganar gaskiya sun iya tsara littafi, hotuna masu kyau, darasi daki-daki yadda uwa ko bata karanci sayans ba zata iya bi, ga sunan Ubangiji kusan a kowane shafi. Shi ya sa musulmi da yawa ke saya suna cewa ai gara wannan da na gwamnati da ba a ambaton Allah. Amma ku buɗe babin tarihin ƙasa ku gani. Za a ce wa yaro shekarun duniya wajen 6,000 ne, dainoso, manyan dabbobin nan na da da suka ƙare, sun yi zamani da mutane, ruwan ɗufana ne ya haƙa Grand Canyon, wani ƙaton kwazazzabo a Amurka. Lissafin nan ya samo asali ne daga jera shekarun zuriyoyi da ke cikin Baibul, wani bishop na Ireland James Ussher ma a ƙarni na 17 ya tsayar da cewa an yi halitta a 4004 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A Kentucky har jirgin Annabi Nuhu suka gina a 2016 mai tsawon ƙafa 510, iyalai na kai yara yawon karatu. Ina da maƙwabta masu wannan fahimtar, mutanen kirki ne wallahi, muna haɗa yara wasa da zuwa laburare, imaninsu ne kuma ban da ja da su. Abin da nake cewa shi ne mu ba namu bane. Alƙur'ani bai ba duniya shekara 6,000 ba. Ya ce cikin kwana shida aka halicci sammai da ƙasa, sannan a Suratul Hajji ya ce yini guda a wurin Ubangiji kamar shekara dubu ne na lissafinmu, a Ma'arij ga wani yinin mai shekara dubu hamsin. To me zai sa in ɗora wa ɗana rigimar da ba ta gidansu ba, ya girma yana zaton idan ya yarda duniya ta kai shekara biliyan 4.5 ya fita musulunci? Adadin nan ba shaci-faɗi bane, auna shi aka yi ta yadda sinadarin yuraniyom ke rikiɗewa ya zama darma a hankali cikin duwatsu, wani masani Clair Patterson ya fitar da shi a 1956 daga duwatsun da suka faɗo daga sama. Kuma abin yana da illa a aljihu da makomar yaro, Jami'ar California ta ƙi karɓar wasu darussan bayoloji da aka koyar da irin waɗannan littattafai, makarantun Kirista suka kai ƙara, a 2008 kotu ta ba jami'ar gaskiya.

Sai dai kar mu yi ta nuna wasu da yatsa, mu ma muna da namu kuma a WhatsApp yake yawo kullum. Wai Neil Armstrong, mutum na farko da ya taka wata, ya ji kiran salla a duniyar wata a 1969 ya musulunta. Bai faru ba, har ma'aikatar harkokin wajen Amurka sai da ta aika wa ofisoshin jakadancinta takardar ƙaryatawa a 1983, amma har gobe ana faɗa a wa'azi. Wai NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta gano tsagar da wata ya yi. Ni na yi imani wata ya tsage saboda Suratul Ƙamar ta faɗa, bana jiran hatimin NASA, kuma NASA ɗin bata ce ba. Yaran nan fa waya ce a hannunsu, minti biyu ya ishe su su gano labarin ƙarya ne, kuma ranar da yaro ya kama ki da ƙarya ɗaya da sunan addini zai fara tunanin sauran ma haka suke. Jingina imanin yaro da irin labaran nan kamar ɗaure akuya ne a jikin karan dawa.

Abin da ya fi min aiki shi ne in koyar da kimiyya yadda take, da littafin da bai yi wa kowa wa'azi ba, tauhidi kuma in koyar da shi a matsayinsa na tauhidi, sai su haɗu da kansu a rayuwa. Misali husufin rana na 8 ga Afrilu 2024, ana saura kiris azumi ya ƙare, Dallas na kan hanyarsa. Tun kafin ranar muka kashe fitilar falo, ƙaramin ya riƙe tocila a matsayin rana, babbar ta ɗauki lemo a matsayin duniya da ƙwallon tanis a matsayin wata tana zagayawa har inuwar ƙwallon ta faɗa kan lemon, nan suka gane dalilin da yasa sai ƙarshen wata ake husufin rana, da dalilin da yasa ba kowane wata ake yi ba tunda hanyar wata a ɗan karkace take. Ranar kuma da misalin ɗaya da minti arba'in na rana gari ya yi duhu kusan minti huɗu, iska ta yi sanyi, fitilun titi suka kama da kansu, maƙwabta na ta ihu, mu kuma muka ajiye tabaran kallon muka yi sallar husufi a bayan gida. Na basu labarin ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu aka yi husufi mutane suka ce saboda rasuwarsa ne, Annabi ya ce rana da wata ayoyi ne na Allah basa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Ku duba fa, dama ce ta samu da zai bar mutane su ƙara girmama shi amma ya gyara musu. Na kuma gaya musu yadda muna yara ake fitowa da gwangwani da tasa ana kaɗawa wai rana ta kama wata sai ta sake shi, suka yi ta dariya.

Nasan za ku tambayi batun Darwin, mai ra'ayin cewa halittu a hankali suke rikiɗewa daga wani nau'i zuwa wani. Bana ɓoye shi kuma bana yage shafin. Muna karanta abin da masana suka ce da hujjojinsu, ƙasusuwan da aka tono da ƙwayoyin gado, da abin da ido ke gani kamar yadda ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ta daina jin kulorakwin har aka canza magani a Najeriya. Idan aka zo kan Annabi Adamu sai in ce wannan wahayi ne ya bamu labarinsa kuma a kansa muke, abin da ya fi ƙarfina mu kai wa malami mai ilimin duka biyun. Gara yaro ya fara jin maganar a bakin uwarsa da ya fara jinta a aji ɗaya na jami'a daga wanda zai ce masa an ɓoye masa ne.

Ku da ke gida kuma ku tuna WAEC da NECO da JAMB na jiran yaranku da manhajarsu, har da gwajin lab, don haka duk mai son cire yaro daga makaranta ta fara nemo manhajar da inda zai riƙa taɓa bututun gwaji da madubin ganin ƙwayoyin cuta tukuna, kar a yi odar littattafan Amurka masu tsada da dala don kawai an ga an rubuta sunan Allah a bango. Ku gaida min iyaye da yara, masu sauran tambaya kan lissafi da Larabci zan amsa a wasiƙa ta gaba in Allah ya yarda.

'Yar uwarku a Dallas