Godiya bayan kare kundin digirina na biyu

Alhamdulillahi. Jiya Laraba na kare kundin bincikena, kuma malamai sun amince da shi.

Ga masu tambayar abin da na shafe shekara uku ina yi: akwai na'urar da ke ƙera kayan ƙarfe ba guduma ba uwar maƙera. Garin ƙarfe take shimfiɗawa, bai kai kaurin silin gashi ba, hasken leza, wato wani siririn haske mai tsananin ƙarfi, ya bi ya narkar da inda ake so, a sake shimfiɗa wani, har kayan su tashi. A birnin Aachen na Jamus aka faro wannan fasaha a 1995. Ni kuwa ɗan ɗigon narkakken ƙarfen da ke bin hasken na sa wa ido, da yadda zafi ke fita daga cikinsa.

Godiyata ta farko ga Kawu, mai walda a Ƙofar Ruwa. Ranar da lissafi ya cushe min na je rumfarsa ina ƙorafi. Ya ɗaga gilashin fuskarsa ya ce, "Kai yaro, wuta ta yi yawa ta huda, ta yi kaɗan ba ta kama ba. Me ya rage?" Wallahi babi na huɗu na kundina ke nan. In zafin ya wuce kima, ƙarfen kan tafasa, tururinsa ya haƙa rami mai zurfi, ramin ya rufta ya bar kumfa a ciki. In leza ta cika sauri, narkakken ya tsinke ya dunƙule kamar ƙwayoyin carbi. Kawu ne kuma ya sa na gane dalilin da gefen kayan da ke kan garin ƙarfe zalla yake ƙonewa: gari ba ya jan zafi kamar dunƙulallen ƙarfe.

Malamina da ya duba aikin, Allah ya saka da alheri. Jan bironsa ya sa ni kuka, amma yana da gaskiya.

Injin ba mu da shi, a kwamfuta na kwaikwayi komai. Tawa ta ƙone ana saura wata biyu. Abokina na Gwammaja ya ba ni tasa, da janareta, bai taɓa tambayar kuɗin mai ba. Hajiyarmu kuma, da ba ta san mece ce leza ba, kullum sai ta ce, "Ya ƙarfen naka, ya narke?"

Ya narke, Hajiya. Walima ranar Asabar bayan La'asar a gida. Kawu, kujerarka tana gaba.