Asabar: kwalbar magani

Da safe komai lafiya. Koko da ƙosai a bakin titin Nima, trotro zuwa Circle na karɓo wayar Inna wurin mai gyara, na dawo kafin azahar.

Bayan la'asar muka shimfiɗa tabarma a baranda, Dogo ya ɗora ataya. Mu biyar kamar kullum, za mu yi Dungeons and Dragons, wasan labari da ake yi da takarda da ƙwayar jefawa irin ta lido. Ni ne mai jan labari kuma alƙali, su kuma kowa da jarumin da yake wasa da shi. Yau ne jarumansu suka shiga kogon da na yi mako biyu ina zanawa a bayan kalandar bara, kuma da farko dariya kawai ake sha.

Wajen biyar da rabi dodon kogon ya kayar da maharbin ƙanena Auta, ƙarfinsa ya koma sifili. A D&D, wanda ya faɗi haka zai riƙa jefa ƙwaya mai fuska 20 duk lokacin da layi ya zo kansa. Goma ko sama ya tsallake, ƙasa da goma ya faɗi. Faɗuwa uku, mutuwa. In kuwa 1 ta fito, faɗuwa biyu ake rubuta masa. Jifar farko Auta ya samu 6.

Sai layin Dogo.

"Alƙali, zan ɗura masa kwalbar magani, in kuma sari dodon."

Na ce ya zaɓi ɗaya. A bugun 2014 da muke wasa da shi, ba wa mutum magani yana cinye babban aikin layinka. Nan take ya zaro waya ya nuna mini bugun 2024, inda aka mayar da shi ƙaramin aiki, ka ɗura magani ka kuma kai hari a layi guda.

"Masu dokar da kansu sun gyara ta, kai ne za ka riƙe?"

Na ce gaskiyarsa ce, amma ba a sauya doka ana tsakiyar faɗa. Wata biyu da suka wuce Mai Sunan Inna ta roƙi wannan alfarmar na hana ta, kuma ga ta nan zaune tana kallona. Na ƙara da cewa, "Haka littafi ya ce."

Dogo ya ga dodon ya kusa faɗuwa, sai ya zaɓi sara. Ya kuskure. Auta ya ɗauki ƙwayar, ya hura mata iska kamar yadda yake yi a lido, ya jefa. Ta gangara ta bar tabarma, ta tsaya jikin kurfoti. 1.

Ba wanda ya yi magana. Wata takwas yaron nan yana wasa da maharbin, har baka da kwari ya zana masa a gefen takarda da jan biro. Ya naɗe takardar gida huɗu, ya sa a aljihu, ya ce, "Ba komai, Yaya." Ya tashi ya ɗauki buta, alhali ko kiran magariba ba a yi ba.

Maganar "littafi ya ce" ita ta hana ni sukuni. Bayan isha'i na buɗe ɗan littafin da nake rubuta dokokin gidanmu, na ƙirga goma sha ɗaya. Ba ma lissafin kibiya. Ba ma auna nauyin kaya. Mun cire sunayen gumaka gaba ɗaya tun ranar da Kawu ya leƙa ya yi tambaya. Wanda ya jefa 20 wurin hawa katanga ko lallashin mai gadi ya ci, ko da littafi bai ce haka ba. Duk ni na yanke. Tun da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da wasan a 1974, maganar ƙarshe ta mai jan labari ce. Ashe ba littafi ne ya hana Dogo ba, ni ne, kuma ya kamata in faɗa da bakina.

Har yanzu ina ganin hukuncin daidai ne. Da na sassauta ranar da ƙanena ne a ƙasa, da son kai za a kira shi, kuma da gaskiyarsu. Daga ranar ba wanda zai ƙara jin tsoron ƙwayar. Inda na gaza shi ne na daɗe da sanin gyaran 2024, na kuma san ya fi daɗin wasa, amma ban taɓa zaunar da su kafin a fara na ce mu yanke shawara ba. Minti biyar ya isa.

Na rubuta a WhatsApp cewa Asabar mai zuwa, kafin a taɓa ƙwaya, za mu bi dokokin ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi ra'ayinsa. Dogo ya ce to. Mai Sunan Inna ta ce ta goyi bayan gyaran. Auta ya karanta, bai amsa ba.

Wuta ta ɗauke wajen goma. Tuwon Auta na nan a rufe, Inna ta tambaye ni sau biyu me aka yi masa. Na ajiye masa sabuwar takarda da fensir a bakin ƙofa.