Wace bindiga ce ta fi dukan kafaɗa?

Na harba raifil da bindigar tsuntsu iri-iri a filin gwajin harbi, kuma abin da kafaɗata ta gaya mini bai cika dacewa da lissafin takarda ba.

A takarda abin da sauƙi: harsashi da hayaƙin albarushi su yi gaba, bindiga ta yo baya. A raifil mai kilo 3 da rabi, ƙarfin dukan harsashi samfurin .223 Remington kusan jul 5 ne (jul ma'aunin ƙarfi ne), .308 Winchester ta ɗan haura 20, .30-06 tana wajen 27, .375 H&H kuwa ta kai 50 ko fiye. Ita .22 LR ƙara ce kawai.

Tsakanin .308 da .30-06, in da za a rufe mini ido, da wuya in bambance. Inda na sha mamaki shi ne .300 Winchester Magnum. A lissafi tana ƙasa da .375, amma ita ta fi ba ni zafi. Harsashinta mai giram 12 yana fita da gudun kusan mita 900 a daƙiƙa, kuma wadda na harba ba ta da nauyi, sai dukan ya zo farat ɗaya kamar mari. Ita .375, wadda aka fito da ita tun 1912, harsashinta ya kai giram 19 amma bai kai wancan gudu ba, bindigar kuma ta haura kilo 4. Ture ni take yi, jikina ya yi baya gaba ɗaya, ba tare da raɗaɗi ba.

A bindigar tsuntsu ma haka ne. Ana yawan miƙa wa sabon shiga geji 20 wai ta fi 12 sauƙi (geji ma'aunin faɗin bakin bindigar ne, kuma na 20 bai kai na 12 faɗi ba). Ban yarda ba, sai an auna bindigar. Da harsashi iri ɗaya, in ka rage rabin nauyin bindiga, ƙarfin dukan ninkawa yake yi. Geji 20 marar nauyi ta fi dukana a kan geji 12 mai nauyi da ke ɗura kanta da hayaƙi, don wannan tana rarraba dukan ne a hankali. Amma harsashin geji 12 mai tsawon inci 3 da rabi, shi kam ba ruwansa da dabara, ya fi .375 azaba.

Sauran kuma jikin mutum ne. In gindin bindiga bai zauna maka daidai ba, kunci ne zai sha kafin kafaɗa. A zaune kan teburin harbi duka ya fi shiga, don jiki ba ya samun wurin ja da baya kamar a tsaye. Ƙara ma tana da nata: da na haɗa toshin kunne da marufin kunne a sama, .30-06 ɗin nan dai ta yi laushi, na daina runtse ido kafin in ja kunama.