Zaƙin ciyawa da lokacin yankanta

Kiwon turke nake yi a bayan garin Garwa, ragunan layya da saniyar tatsa. Abin da ya canza mini aikin nan shi ne gane cewa ciyawa tana da sukari a jikinta, kuma yawansa na hawa da sauka tsakanin safe da yamma.

Kawuna ne ya sa ni tauna karan gamba. Ya ce, "Ɗana, tsinko ɗaya da asuba ka tauna, ka sake tsinko wani bayan la'asar, sai ka zo mu yi magana." Na asuba lami ne, ruwa tsalala. Na la'asar kuwa, in ka ciji farin wurin nan mai taushi da ke kusa da gaɓa, za ka ji ɗan zaƙi a harshe. Malamin dabbobi ya ba ni dalili daga baya: ganye yana haɗa sukari da hasken rana yini guda, da dare kuma tsiron ya ci daga abin da ya tara.

Amfaninsa a tumbi yake. Akwai ƙananan halittu a cikin tumbin saniya da tunkiya waɗanda ke narkar da abinci, kuma sukarin da ke narkewa a ruwa shi suke fara kamawa. Da ƙarfinsa suke sarrafa furotin ɗin harawa da anguriya. In ya yi ƙaranci, wani kaso na furotin ɗin sai ya bi fitsari, kuɗinka ke nan a ƙasan turke. Ga shi ciyayinmu na ƙasar zafi, gamba da kyasuwa, sukarinsu sau da yawa ba ya kai kashi 10 cikin 100 na busasshen nauyinsu, alhali wasu na Turai sukan wuce 20. Ɗan abin da muke da shi bai kamata ya salwanta ba.

Saboda haka ɗanyar ciyawar da zan zuba musu nan take, da la'asar nake yanko ta a fadamar Binuwai. Ragunan ma sun fi cinye ta tas.

Ingirici kuwa hukuncinsa daban, kuma a nan na fi ganin mutane na asara. Ciyawar da aka yanke ba ta mutu nan da nan ba, tana ci gaba da numfashi tana ƙona sukarinta har sai ta yi yaushi sosai. In ka tula ta da yamma ta kwana a jibge, cusa hannu da safe ka ji ɗumi: abincin dabbarka ne ke tafiya. Ni da hantsi nake yankan ta ingirici, bayan raɓa ta kaɗe, a watan Oktoba da ruwa ya fara janyewa, in baza ta falle-falle ina juyawa. In hadari ya taso, kowa a gidan sai ya fito kwasa, don ruwan sama ɗaya ya isa ya wanke zaƙin. Wadda ta bushe da kyau tana riƙe da korenta da ƙamshinta, sai a ɗora a rumfa.

Da rani ina daddatsa musu karan takanda in gauraya da harawa, kaɗan-kaɗan har cikinsu ya saba, don zaƙi mai yawa farat ɗaya yana ɓata tumbi. Gyauron dawa kuwa, komai korensa, ba na bari su kusance shi yana ƙarami, musamman wanda fari ya taɓa, saboda gubar da ke cikinsa tana iya kashe dabba cikin ɗan lokaci.